Yadda wanda bai taɓa riƙe zarto ba zai gina wa kajinsa kejin katako

"Assalamu alaikum. Ina da kajin gida takwas da zakara ɗaya, kuma ina so in ƙara su kai goma ko sha biyu. Yanzu sakinsu muke yi a tsakar gida, suna ɓata wa maiɗakina shanya, shirwa kuma ta ɗauke mana 'yan tsaki huɗu a cikin wata guda. Akwai fili a bayan ɗaki wanda tsawonsa ya kai taku shida. Ban taɓa riƙe zarto ba, amma kuɗin da kafinta ya yanka mini ya fi ƙarfina. Shin zan iya haɗa musu keji na katako da kaina, kuma ta ina zan fara?" Wani mai karatu daga Funtuwa.

Wa alaikumus salam, Malam. Idan na fahimce ka da kyau, abin da kake nema shi ne wurin da kaji goma zuwa sha biyu za su wuni a ciki, su ci, su sha, su yi tono, su kwana, ba tare da sun fito tsakar gida ba, kuma ba tare da wani abu daga waje ya kai gare su ba. Wannan ya sha bamban da akurkin da muka gada, wanda kaji ke shiga da magariba kawai a toshe musu ƙofa da tubali, kuma ya sha bamban da ƙaramin kejin da ake ɗora wa a kan ƙafafu ana sayarwa a bakin titi. Amsar tambayarka ta farko ita ce e, za ka iya, domin a dukan aikin kafinta babu wanda ya kai wannan yafiya ga sabon hannu: yanka a miƙe ne, ƙusa a fili take, kuma kuskuren rabin inci ba ya hana komai tsayawa. Amsar ta biyu ce take buƙatar bayani, kuma zan gina ta a kan abin da na gani a shekarun da na yi ina aikin katako ina kuma kiwon kaji a gidana, wato cewa kejin kaji daga ƙasa yake lalacewa. Gara daga ƙasa take hawa, danshi daga ƙasa yake cin gindin katako, gafiya da ɓera ta ƙasa suke shiga. Wanda ya kyautata tsawon ƙafa biyun kejin da ke binne a ƙasa da ƙafa biyun da ke sama da su ya gama mafi wuyar aikin, ko da rufinsa ya ɗan karkace.

Girman keji da inda za a kafa shi

Kaza guda tana buƙatar filin da bai gaza murabba'in ƙafa 8 ba idan a ciki za ta wuni, kuma kajin gida, da suka saba da yawo, sun fi kajin gidan gona jin ƙuncin matsi. Idan wuri ya yi musu kaɗan za ka ga sun fara figar gashin juna, daga nan su koma saran duburar wadda ta fi rauni har jini ya fito, kuma kazar da ta ɗanɗana wannan ɗabi'a ba ta cika bari ba. Saboda haka nake ba ka shawarar tsawon ƙafa 12 da faɗin ƙafa 8, wanda ya ba da murabba'in ƙafa 96, ya ishi kaji goma a wadace, ya kuma ɗauki sha biyu. Akwai dalili na biyu da ya sa na zaɓi wannan awo: katakon da ake sayarwa a kasuwanninmu, ko a 'Yan Katako na Na'ibawa da Rijiyar Lemo a Kano ko a Fanteka ta Kaduna, yawancinsa tsawon ƙafa 12 yake zuwa. Idan ka tsara kejinka a kan wannan tsawo, dogayen ɓangarorin ba sa buƙatar yanka ko ɗaya, gajerun kuma yanka ɗaya ne, ƙafa 8 ta tafi aiki, guntun ƙafa 4 ya rage maka na tokara da ƙofa da wurin kwana. Sabon hannu yana asarar katako ne a wurin yanka, don haka duk yankan da za ka iya kauce wa, kauce masa.

Tsayi kuwa kada ka yi masa rowa. Mutane da yawa suna yin keji mai ƙafa 4 don su rage kuɗi, sai ya zama ba a iya shiga sai a durƙushe, kuma wurin da ba a iya shiga a tsaye ba a share shi yadda ya kamata, komai kyawun niyyar mai shi. Ka yi ɓangare ɗaya ƙafa 7, ɗaya ɓangaren ƙafa 6, bambancin ƙafa ɗayan nan shi ne gangaren da ruwan sama zai bi.

Kafin ka haƙa rami ko ɗaya, ka tuna inda ruwa ke kwanciya a filin nan da damina, ka kuma duba inda indararon ɗakin yake zuba. Kejin da ke ƙarƙashin indararo ko a cikin kwari ba ya rabuwa da danshi, kuma danshi shi ne abokin cutar nan da ke sa kaji kashin jini. Idan filin duka a kwance yake, ka ciko shi da jar ƙasa ko burji ya ɗaga kamar inci 6 sama da kewayensa. Sannan ka miƙar da tsawon kejin daga gabas zuwa yamma, yadda gajerun ɓangarorin ne za su fuskanci fitowar rana da faɗuwarta. A ƙasarmu hadari yawanci daga gabas yake tasowa da iskarsa, sanyin hunturu kuma daga arewa maso gabas yake busowa, don haka bangon gabas shi ne wanda za ka rufe, ɓangare mai ƙafa 6 ya kalli arewa, mai ƙafa 7 da ƙofa ya kalli kudu. Wannan tsari yana da wata fa'ida: a watannin Disamba da Janairu rana tana karkata kudu, sai haskenta ya shigo ta dogon ɓangaren ya ɗumama kaji ya busar da ƙasa, a Maris da Afrilu kuwa, lokacin da zafi ke haura digiri 40 a garuruwa irin su Sakkwato da Maiduguri, tana kusan tsakiyar kai, rufi ya tare ta. Idan siffar filinka ba ta yarda da wannan ba, ka bi abin da filin ya ba ka, amma ka tabbata akwai inuwa da la'asar, domin ranar yamma ita ce mai kashe kaji. Kaza ba ta gumi, idan zafi ya tsananta da haki take fitar da shi.

Sayen katako

Masu sayar da katako da sunan awonsa suke kiransa, kuma yana da kyau ka shiga kasuwa da waɗannan sunaye a bakinka. Tu-bai-fo shi ne mai kaurin inci 2 da faɗin inci 4, da shi za ka yi ginshiƙai, kana buƙatar guda 9: uku a kudu, uku a arewa, ɗaya a tsakiyar bangon gabas, ɗaya a tsakiyar na yamma, da ɗaya na ƙofa. Tu-bai-tiri za ka yi ɗamara da shi, wato katakan da ke kwance suna haɗa ginshiƙai a ƙasa da tsakiya da sama, guda 12 kenan, ka ƙara 5 na ɗaukar rufi. Tu-bai-tu kamar guda 10 zai ishe ka na shimfiɗa kwano a kai da ƙofa da sandar kwana. Ka tafi da tef ɗinka, domin abin da ake kira tu-bai-fo sau da yawa bai cika awonsa ba, kuma tsawon ma wani lokaci yakan gaza da inci biyu ko uku. Idan ka tarar da haka ba abin damuwa ba ne, sai dai ka auna mafi gajarta a cikin dogayen, ka mayar da tsawon kejin daidai da shi.

Kada ka bari a zaɓa maka daga saman tari a ɗaure a ɗora a kura. Ka ɗaga kowane katako da kanka, ka ɗora bakinsa ɗaya a ƙasa, ka kai ɗaya bakin kusa da idonka ka hango tsawonsa kamar mai saitin bindiga, nan take za ka ga wanda ya lanƙwashe ko ya murɗe. Ka ajiye mai manyan idanu, ka ajiye mai ƙananan huji da gari ke zuba daga cikinsu, domin ƙwaro ya riga ka. Katakon da ya yi nauyi fiye da 'yan'uwansa kuma yake da sanyi a tafin hannu ɗanye ne, zai bushe a jikin kejin ya murɗe ya ja ƙusa. Farin katako mai laushi irin obece yana da araha da daɗin yanka, kuma babu laifi a sa shi a sama inda ba ya taɓa ƙasa, amma ginshiƙai dole su zama jan katako mai tauri. Idan kana da hanyar samun azarar giginya ko itacen ƙirya daga ƙauye, to waɗannan sun fi duk abin da za ka saya a kasuwa jure wa gara, illarsu kawai ita ce ƙusa ba ta shigarsu da sauƙi, sai a ɗaure ɗamarar da waya mai kauri ko a fara huda su. Sandunan turare da gora ma suna iya maye gurbin tu-bai-tu a rufi idan kuɗi ya yi kaɗan.

Kayan aiki ba su da yawa: zarto, guduma mai bakin cire ƙusa, tef, filaya, igiya, fensir, dagi da shebur. Ƙusa mai inci 4 ta haɗa ɗamara da ginshiƙi ce, mai inci 3 ta rufi da ƙofa, ƙarama mai inci ɗaya da rabi ta raga, sai ƙusar kwano mai hula. Ban kawo farashi ba saboda a wannan zamani kuɗin da aka faɗa maka yau ba shi za ka tarar mako mai zuwa ba, amma da wannan lissafi a takarda za ka iya zagaya rumfuna uku ka kwatanta.

Ginshiƙai, inda aikin yake

Kejin farko da na yi wa kaina, tun ina yaron shago, da ragowar farin katako na yi shi, na kafa ginshiƙan a ƙasa tsirara na danne su da dutse. Ya yi kyau a ido har maƙwabta suna zuwa kallo. Damina ɗaya ya yi. Da kaka na jingina da ginshiƙin kusurwa ina zuba wa kaji dusa sai na ji ya tafi da ni, da na tona gindinsa na tarar ɓawo ne kawai ya rage kamar takarda, cikin duk ƙasar gara ce, ina matsa shi da yatsa yana rugujewa. Daga waje babu alamar komai, domin gara ba ta son haske, ta ciki take bi ta bar maka fatar. Tun daga ranar ban sake kafa katako a ƙasa ba tare da na shirya gindinsa ba.

Shirin kuwa hawa biyu ne. Na farko, ka yanka ginshiƙan kudu ƙafa 9, na arewa ƙafa 8, domin ƙafa 2 na kowanne za su shiga rami. Na tsakiyar gabas da yamma ka bar su ƙafa 9, ka rage su bayan an ɗora rufi. Sai ka shafe ƙafa 3 na gindin kowanne da maganin gara na katako, irin Solignum da ake samu a shagunan kayan gini, ka shafa sau biyu, ka fi ba da ƙarfi a bakin da zarto ya yanka, domin ta nan katako ke shan ruwa. Mutane da yawa baƙin mai na injin mota suke shafawa, kuma yana taimakawa, amma akwai guba a cikinsa, saboda haka idan shi za ka yi amfani da shi ka tsayar da shi a kan abin da zai shiga ƙasa kawai, kada ya hau inda kaji za su sara. Wasu kuma babbaka gindin suke yi a wuta har ya yi baƙi, dabara ce ta tsofaffi da ke rage ruɓa. Hawa na biyu shi ne kankare. Rami mai zurfin ƙafa 2 da inci 3, da faɗin ƙafa ɗaya, a zuba tsakuwa kamar inci 3 a gindinsa don ruwa ya tsiyaye, a tsayar da ginshiƙi, a cika da kwaɓin siminti kwano ɗaya, yashi biyu, tsakuwa huɗu. Ka ɗaga kankaren ya haura ƙasa da inci 3 ko 4, ka shafe shi da gangare kamar hular kwano, yadda ruwa zai gudu daga jikin katakon maimakon ya taru a gindinsa. Wannan tudun yana kuma tilasta wa gara ta gina hanyarta a fili kafin ta kai katako, inda idonka zai gan ta ka karya. Idan da rani za ka yi aikin kuma ƙasa ta yi tauri, ka fara ramin kaɗan, ka cika shi da ruwa da yamma, da safe dagi zai shiga ba wahala.

Kafin haƙa, sai an daidaita kusurwa, kuma a nan ne sabon hannu ya fi yin kuskuren da ke bin sa har rufi. Ka kafa turaku huɗu ka zagaye su da igiya, ƙafa 12 da ƙafa 8. Sannan ka auna daga kusurwa zuwa kusurwar da ke kallonta ta tsakiya, ka sake auna ɗaya gicciyen. Idan awon biyu ya zo ɗaya, kusan ƙafa 14 da inci 5, kusurwoyinka sun daidaita. Idan ɗaya ya fi ɗaya, ka dinga matsar da turaku biyu na gefe guda har su yi daidai. Minti goma ne, amma shi zai sa kwanon rufinka ya kwanta a miƙe. Tsayuwar ginshiƙi kuma da igiya da dutse ake gane ta: ka ɗaura ɗan dutse a igiya ka rataya daga saman ginshiƙin, idan tazarar igiyar da katakon ɗaya ce sama da ƙasa, a fuska biyu, to ya tsaya. Ka tokare shi da guntaye biyu kafin ka zuba kankare, ka bar shi kwana biyu kana yayyafa masa ruwa safe da yamma. Na san zumuɗin son ganin abu ya tashi, amma guduma a jikin ginshiƙin da kankarensa bai kama ba tana kwance duk abin da ka yi.

Ɗamara, tokara da rufi

Ɗamarar ƙasa ta zauna inci 4 sama da ƙasa, kada ta taɓa ta. Ta tsakiya ta zauna daidai ƙafa 3 daga ƙasa, za ka ga dalili idan mun zo kan raga. Ta sama a kan ginshiƙai. Kowace mahaɗa ƙusa biyu, a karkace da juna kaɗan, ba a layi ɗaya ba. Idan kana buga ƙusa kusa da bakin katako, ka juya ta ka ɗan dakushe tsininta da guduma kafin ka buga, domin ƙusa mai tsini tana raba katako kamar gatari, dakusassa kuwa huda shi take yi. Idan ƙusa ta lanƙwashe ka cire ta ka sa wata, kada ka kwantar da ita ka ce ta yi.

Da ka gama wannan za ka tura kejin ka ji yana ɗan rawa, to a nan guntayen ƙafa 4 da ƙafa 3 za su yi amfani. Ka buga su a karkace a kusurwoyin sama, daga ginshiƙi zuwa ɗamara, su fitar da siffa mai kusurwa uku. Abu mai kusurwa huɗu yana iya karkacewa ko da ƙusoshinsa na nan daram, mai kusurwa uku ba ya karkacewa sai wani abu ya karye. Iskar farkon damina, wadda ke kwashe rufin gidaje a Mayu da Yuni, wannan tokara ce ke tsayar da keji a gabanta.

Katakan rufi biyar ka yanka su ƙafa 10, su zarce da kusan ƙafa ɗaya a kudu da arewa, ka jera su tazarar ƙafa 3, ka kuma ɗaure kowanne da ginshiƙi ko ɗamara da langa-langa ko waya bayan ƙusa, domin iska daga ƙasa take ɗaga rufi, kuma ƙusa a miƙe take zarewa. A kansu ka gicciya tu-bai-tu, sannan kwano. Fallen kwano 14 zuwa 16 zai rufe shi duka, bai kai bandir ɗaya mai falle 20 ba, kuma tsohon kwano daga kasuwa irin ta Ƙofar Ruwa a Kano yana yi idan aka toshe hujinsa. Ka fara shimfiɗawa daga ƙasan gangare zuwa sama, na sama ya hau kan na ƙasa, ƙusa kuma a kan tudun kwano ake buga ta, ba a cikin kwarin da ruwa ke bi ba. Ina ba da shawarar a rufe saman duka, ba rabi ba, saboda shirwa da shaho, da kuma kashin tsuntsayen daji da ke iya kawo murar tsuntsaye, wadda muka san ɓarnarta tun da ta ɓulla a jihar Kaduna a 2006. Sai dai kwano tsirara da bazara tanda ne, don haka ka shimfiɗa zana ko karan dawa a kansa ka ɗaure, bambancin da za ka ji idan ka shiga da azahar ba kaɗan ba ne.

Raga da ƙofa

Ragar da aka fi sani, mai ido irin na saƙar zuma, an yi ta ne don ta hana kaza fita, ba don ta hana maƙiyi shiga ba. Wayarta siririya ce, kare yana yaga ta, gafiya tana datse ta, ɓera da ƙaramin maciji suna ratsa idonta, muzuru kuma yana zura hannu ya jawo ɗan tsako. Saboda haka ka raba aikin biyu. A ƙasa ka sa raga mai kauri mai ido murabba'i na rabin inci, wadda aka yi wa ruwan hana tsatsa, mai faɗin ƙafa 4: ƙafa 3 a sama har zuwa ɗamarar tsakiya, ƙafa ɗaya a binne a cikin ƙasa, bakinta a lanƙwashe yana kallon waje. Ka zagaye duk ƙafa 40 na kewayen da ita, har ƙarƙashin bangon da za a rufe. Dabbar da ke tono a gindin raga take farawa, idan ta ci karo da waya a ƙasa ba ta da dabarar ja da baya ta fara daga nesa. Wanda ke da hali ya jera bulo layi ɗaya ko biyu a madadin binne raga, ya fi daɗewa. Daga ɗamarar tsakiya zuwa sama kuwa mai saƙar zuma ta wadatar, mai ƙafa 3 a arewa, mai ƙafa 4 a kudu, kuma ka ga yadda kowace mahaɗa ta faɗo a kan katako ba tare da an ɗinke raga da raga ba.

Wajen buga raga kana buƙatar mutum na biyu, ɗaya yana ja, ɗaya yana bugawa, a fara daga kusurwa ɗaya a bi a hankali. Ƙusa kaɗai ba ta riƙe raga, zamewa take yi ta cikin ido. Abin da nake yi shi ne in tara murafun kwalaben lemo, in huda kowanne da ƙusar, in buga shi a kan ragar duk bayan inci 6, sai murfin ya danne wayoyi uku ko huɗu lokaci ɗaya. Wanda ya fi wannan kyau shi ne a bi kan ragar da siririn katako a danne ta gaba ɗaya. Ka bincika tsakanin ɗamarar sama da kwano, inda katakan rufi suka bar giɓi, ka toshe shi da guntun raga, domin duk hujin da yatsu biyu za su shiga, wani abu zai shiga.

Ƙofa ita ce wurin da ake gane aikin sabon hannu, saboda bayan wata biyu takan sunkuya ta fara jan ƙasa. Faɗinta ƙafa biyu da rabi, ka rage mata rabin inci a kowane gefe don katako na kumbura da damina. Ka sa mata tokara a gicciye, wadda za ta tashi daga kusurwar ƙasa ta wajen hinji ta hau zuwa kusurwar sama ta wajen sakata. Idan ka juya ta akasin haka ba za ta ɗauki nauyin ba. Hinji uku, ba biyu ba. Ka buga falanki mai tsayin inci 10 ko 12 a bakin ƙofar daga ƙasa ya zama dokin ƙofa, ƙofar ta buɗe waje, yadda shimfiɗar ciki ba za ta zubo ba kuma 'yan tsaki ba za su sulale ta ƙarƙashin ƙafarka ba. Sakata biyu, sama da ƙasa, da kwaɗo, domin ɓarawon kaji ma yana cikin lissafi, musamman gab da salla.

Cikin keji

Bangon gabas da ƙafa 4 na farkon bangon arewa ka rufe su da falanki ko tsohon kwano, ka bar tazarar inci 6 a sama da raga don iska ta fita. A wannan lungu za ka gicciya sandar kwana, tu-bai-tu da aka goge kaifinsa, ƙafa 2 daga ƙasa, kowace kaza inci 10, wato sanda biyu masu ƙafa 6 sun isa. Akwatin ƙwai ƙafa ɗaya ta kowace fuska, ɗaya ga kaji huɗu, a wuri mai duhu kuma ƙasa da sandar kwana, in ba haka ba a cikinsa za su kwana su ɓata shi. Tsohuwar tukunya ko kwando ma suna yi. Ƙasa ka zuba ɓuntun shinkafa ko dusar katako mai kauri inci 3 zuwa 4, a wani lungu kuma ka ajiye tsohuwar taya cike da yashi da toka don su yi birgima, da haka suke kakkaɓe ƙwarƙwata. Da hunturu ka rataya buhu a ragar arewa da dare ka naɗe shi da safe. Kafin ka shigar da kaji ka ɗaure maganaɗisun tsohuwar sifika a igiya ka ja shi ko'ina a ƙasa, za ka yi mamakin yawan ƙusa da guntun waya da zai kwaso, kuma kaza tana haɗiye duk abin da ke ƙyalli.

Abin da na kawo tsari ne na kaji goma sha, a fili irin wanda ka kwatanta, kuma ban ga filin naka da idona ba. Idan ƙasarku yashi ce zalla sai ka ƙara zurfin rami, idan kuma burinka ya kai kaji ɗari, wannan wani gini ne daban da ke buƙatar tubali da magini. Haka nan killace kaji yana ɗora maka nauyin da da can su suke ɗaukar wa kansu. Kazar da ke yawo tana samun ƙwari da ɗanyen ganye da ƙananan duwatsu, wadda aka rufe kuwa abin da ka ba ta kawai take da shi, kuma dusa kaɗai ba za ta riƙe ta tana ƙwai ba, sai ka haɗa da abincin kaji na buhu, da ganye irin su zogale da ragowar alayyafo, da ruwa mai tsabta da ba ya yankewa. Cuta ma ta fi saurin zagaye kajin da ke wuri ɗaya, musamman annobar nan ta hunturu da ke murɗe musu wuya. Akwai rigakafinta, irin Lasota, kuma cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta ƙasa da ke Vom a jihar Filato tana cikin masu samar da ita, amma lokacin bayarwa da yadda ake bayarwa aikin likitan dabbobi ne, shi za ka nema a ofishinsu na ƙaramar hukuma. Kajin da za ka ƙaro daga kasuwa ka ajiye su daban mako biyu kafin ka haɗa su da naka, kaza mai 'yan tsaki kuma ka keɓe ta a cikin babban kwando a lungu har su yi gashi, don manya kan tattake su a wurin cin abinci.

Idan ka sami mataimaki ɗaya, rana ɗaya ta ishe ku awo da haƙa da shafa magani, rana ta biyu kafa ginshiƙai, sai hutun kwana biyu na kankare, sannan kwana biyu ko uku na sauran. Daga nan kuma, duk ranar Juma'a ko wata rana da ka tsayar, ka zagaya gindin ginshiƙan nan tara da ɗan ƙarfe a hannu, ka ƙwanƙwasa kowanne, ka kankare duk wata jar hanya da ka ga ta fara hawa kankare, ka duba ko akwai sabon tono a gindin raga.